Kibiyar Na Biyar

Injin gem ɗin, wanda ake wasa da shi a talabijin, ya fara ne da wani ɗan ƙara, kamar ɓera na gurgurar katako a can cikinsa. Tabarau ce ta fara ji, don a gidan ita ce mai jin irin waɗannan abubuwa: ɗigar famfo, tarin Umma daga ɗaki, takun da bai yi kama da na kowa ba. Yayanta ne ya laƙaba mata sunan tun tana ƙarama, saboda gilashin da kullum ke zamewa daga hancinta, sunan kuwa ya bi ta har Umma ma da shi take kiranta. Da ƙaran ya yi yawa, hoto ya fara daskarewa, sai ta naɗe injin a tsohon tawul, ta roƙi Yaya ya raka ta wurin mai gyara.

Shagon yana ƙarƙashin matakalar wani bene, matsattse, ga warin ƙonanniyar waya, ga gawarwakin injuna jibge har rufi. Mai Gyara mutum ne mai tumbi da yawan surutu, ya san su tun Tabarau ba ta kai tsawon teburinsa ba. Ya kwance murfin, ya kunna, ya kara kunne. Sai fara'arsa ta ragu.

"'Yata, rumbun ajiyar nan ransa ya zo wuya," in ji shi. "Duk taɓawar da na yi masa ƙara mutuwa yake. In an yi sa'a zan jawo muku ajiya guda kafin ya cika. Bayan ita ban yi alkawari ba. Makiyayin Wuta ne a ciki, ko?"

"Duka bakwai ɗin, Baba."

"To ku zaɓi ɗaya."

Makiyayin Wuta wasa ne da ake fitarwa kashi-kashi tun kafin a haifi Tabarau. Kowane kashi da duniyarsa da jaruminsa, kana yawo gari-gari, kana tara abokan tafiya, kana faɗa da dodanni. Ajiya ita ce inda ka tsaya da duk abin da ka tara a hanya. Su biyun tare suka yi duka bakwai ɗin, kuma ba yadda sauran mutane ke yi ba. Yaya ba ya son karatu, ita kuwa ko inuwar dodo ta gani hannunta rawa yake. Saboda haka shi ke riƙe fad, abin sarrafa wasan, yana danna maɓallai, ita ta zauna gefensa tana karanta duk maganar da ta fito a allo, tana sauya murya, tsohuwa daban, sarki daban. Shekara da shekaru haka, a kan kafet ɗin falo.

"Ni dai da ni aka tambaya, Na Huɗu," in ji Mai Gyara yana goge hannu. "Duk wanda bai zubar da hawaye ba da aka bar tsohuwa mai kwale-kwale a tsibiri, dutse ne a ƙirjinsa."

Tabarau ta yi dariya, ta juya wajen Yaya tana jiran huɗubar da ta haddace. Babu wanda bai sha ta ba, daga mai aski har abokan aikinsa. Na Uku ne wasa, saura kwaikwayo. A Na Uku babu taswira, babu mai nuna maka hanya. Akwai Birnin Ruwa, garin da ya nutse, mai lunguna masu kama da juna, inda ƙararrawa ke kaɗawa a ƙarƙashin ruwa, kuma ko ka riƙe hanya a ka ko ruwa ya ci ka. Wanda ya fi tsana shi ne Na Biyar, saboda wata kibiya mai ruwan zinare da ke saman allo tana nuna maka inda za ka. Wasan 'yan goyo yake ce masa. Lokacin da suka yi shi, sai da ya liƙa baƙin salatif a talabijin ya rufe kibiyar, Umma ta yi sati tana faɗa.

Yaya yana tsaye jikin ƙofa, yana kallon wata fanka da ba ta juyawa.

"Na Biyar," in ji shi.

Tabarau ta ƙara yin dariya, don ta ɗauka tsokana ce. Ta jira ya kashe mata ido. Bai kashe ba.

"Na Biyar?" Mai Gyara ya dafe ƙirji. "Ba kai ne bara ka tsaya a nan kana min wa'azi kan Na Uku har kwastoma ya gaji ya tafi ba?"

"Mutum yana canzawa, Maigida."

"Yana canzawa, amma ba ya komawa rarrafe. Zo nan, dama ina nemanka." Ya jawo wani injin nasa na shago, ya kunna ƙaramar talabijin da ke kan kanta. "Tun da ka cika min kunne na fara shi, ga ni na maƙale a Birnin Ruwa. Kai ka ce ido rufe kake ratsa shi. Fitar da ni."

"Hannuna bai gama warwarewa ba."

"Babban yatsa kawai ake bukata, ba dambe za ka yi ba."

Ya cusa masa fad ɗin a hannu.

Maganar hannu ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Aikin Yaya hawa ƙarfen sabis ne, dogayen ƙarafan nan da ke kai wa wayoyi magana, waɗanda in ka ɗaga kai kana neman ƙarshensu sai jiri ya ɗebe ka. Abin da mutane suka yi ta mamaki shi ne ba daga sama ya faɗo ba. Babur ne ya zame da shi a kwana, kansa ya bugi gefen kwalbati. Ya yi kwanaki bai san inda yake ba, sannan ya farfaɗo, ya ci abinci, ya yi dariya, kowa ya gode wa Allah. Likitan kamfani ya tambaye shi sunansa da ranar da ake ciki, ya sa shi tafiya a kan layi, ya ce ya warke. Gobe da safe motar aiki za ta zo ɗaukarsa, karon farko tun bayan hatsarin.

Ƙararrawar Birnin Ruwa ta fara kaɗawa daga ƙaramar talabijin ɗin, can ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin rijiya. Jarumin yana tsaye a mararraba, ruwa iya idon sawunsa. Tabarau ta san wurin. Hagu, sai gada, sai hagu kuma. Ita da ba ta taɓa riƙe fad ba ma ta sani, don ta ga Yaya ya bi wurin yana cin gyaɗa da ɗaya hannun.

Yaya ya yi dama.

Ta ce a ranta wata gajerar hanya ce da ba ta sani ba. Jarumin ya wuce wani gunki marar kai, ya shiga lungu, ya fito, ya sake wuce gunki marar kai. Ruwa ya kai gwiwa. A gefen hanya ga turke, wato wurin da ake ɗaura igiya a yi ajiya, don in an mutu a dawo nan maimakon farko. Yaya bai taɓa wuce turke ba a rayuwarsa. Yakan ce haka aikinsa yake: igiya biyu, ƙugiya biyu, ba ka kwance ɗaya sai ka maƙala ɗaya, kuma a can sama babu mai tuna maka.

Jarumin ya wuce turken da gudu.

"Yaya, turke," ta faɗa a hankali.

"Na gani."

Bai koma ba. Gumi ya tsattsafo a bayan wuyansa, daidai ƙasan tabon ɗinkin. Gunki marar kai ya sake bayyana. Mai Gyara ya buɗe baki zai yi tsokana, ya kalli fuskar Yaya, ya rufe bakinsa. Ruwa ya kai ƙirji, ya kai wuya, ƙararrawar ta ƙara ƙarfi, sannan allon ya yi baƙi.

Yaya ya ajiye fad ɗin a hankali, kamar ƙwai.

"Fad ɗinka ya lalace, Maigida. Mai gyara da lalataccen kaya."

"Haka ne," in ji Mai Gyara, ba tare da dariya ba. "Yana yi min haka." Ya juya ga Tabarau. "Ke fa, 'yata? Ke ma kina da baki a ciki, ai muryarki ce a duka bakwai ɗin. Wanne zan jawo?"

Yaya ya kalle ta. Ba harara ba ce, da harara ce da ta fi sauƙi. Ta tura gilashinta sama. A littattafai mutane sukan faɗi abin da ya kamata a daidai lokacin da ya kamata, ita kuwa kullum sai ta koma gida take samun kalmomin.

"Abin da Yaya ya ce," in ji ta.

A hanyar gida rana ta yi sanyi, masu shaguna sun fara shigar da kaya. Tabarau tana tafe rungume da tawul ɗin da babu komai a ciki, sai ta lura da wani abu: Yaya yana bayanta. Shi da yake tafiya kamar ana binsa, har takan yi ɗan gudu kafin ta cim masa. Da za su zo ma a bayanta yake. Ta rage sauri, shi ma ya rage. Da suka kai kwanar kantin magani, inda hanya ta rabu biyu, ta durƙusa kamar tana gyara takalmi. Ya tsaya. Ya dubi dama, ya dubi hagu, ya zaro waya daga aljihu ya karkatar da ita jikin cinyarsa. Daga inda take durƙushe ta ga allon sarai. Taswira ce, da 'yar kibiya shuɗiya.

Daga nan ana hango tankin ruwan gidansu.

"Yaya, gida kake nema a waya?"

Ya kife wayar. "Rage murya."

"Shi ya sa ka ce Na Biyar."

"Na ce ki rage murya, Tabarau." Ya ja ta gefen bango. "Zuwa yake yana tafiya. Da safe garau nake, sai yamma in na gaji. Kuma a sama babu kwana, babu mararraba. Hanya ɗaya ce, ka hau, ka sauko."

"Ƙugiyar fa?"

"Hannuna ya san ta. Ba da kai ake yi ba."

"Turke ma hannunka ya sani."

Ya kau da kai. Wata mota ta wuce, ta bar musu hayaƙi.

"Saurara," in ji shi, muryarsa ta yi laushi, irin wadda yake lallashinta da ita in dodo ya fito. "In kika faɗa wa Umma, za ta kira ogana. In ogana ya ji, sun ajiye ni ke nan, ba mai sake ba ni igiya a garin nan. Me zan zama? Mai gadin falo? Wannan kaɗai na iya, ba kamar ke ba mai cin takarda. Ki bar ni in hau sau ɗaya, jikina zai tuna komai. Kin ji, ƙanwata?"

Bai saba ce mata ƙanwata ba. Ta gyaɗa kai, ba don ta yarda ba, sai don wuyanta ya riga bakinta.

Sun tarar da Umma a falo tana gugar kayan aikinsa, tana 'yar waƙa a hanci. Ta yi watanni ba ta yi waƙa ba. Bel ɗin hawa yana rataye a bayan kujera, igiyoyinsa biyu sun zubo ƙasa, ƙugiyoyin suna ƙyalli, don Yaya ya goge su tun safe.

"Likitocin inji sun dawo," in ji Umma. "Zai tashi, ko a fara karɓar gaisuwa?"

"Yana hannun Allah," in ji Yaya, ya yi dariya, dariya mai kyau, irin tasa ta da. Da Tabarau ba ta je shagon ba, da ita ma ta yarda da dariyar.

Ta shige ɗakinta ta buɗe littafi, ta yi ta karanta layi ɗaya. Ba a jima ba wayarta ta yi ƙara. Mai Gyara ne.

"'Yata, Na Biyar ya fito lafiya. Yana fitowa rumbun ya mutu. Na gwada Na Uku don kaina, ko motsi bai yi ba." Ya sassauta murya. "Ki gai da yayanki. Ki kula da shi."

Ta ajiye wayar a kan littafin. A ajiyar Na Uku akwai wata 'yar rakiya mai ɗaukar littafin tsafi, wadda Yaya ya sa wa suna Tabarau, kuma bai taɓa bari ta mutu ba, ko da zai sake faɗa daga farko. Akwai takobin da suka yi hutu guda suna nema. Duk sun tafi, kuma ba rumbun ne ya kashe su ba. An tambaye ta, ta ce abin da Yaya ya ce.

Sai ta ji wani ƙara daga baranda. Ƙyas. Ƙyas. Ta leƙa ta tsagar ƙofa.

Yaya ne sanye da bel ɗin a kan singileti, yana gwaji a ƙarafan taga. Ya maƙala ta dama a sama, ya kwance ta hagu. Ya maƙala ta hagu, ya kwance ta dama. Leɓɓansa suna motsi. Hannunsa yana tafiya sumul, har zuciyarta ta fara sauka. Wataƙila gaskiyarsa ne. Wataƙila ita ce mai ganin dodo a kowace inuwa.

"Kai, babban mutum!" Umma ta ƙwala kira daga falo. "Wandon nan ne za ka sa ko wancan?"

"Kowanne, Umma!"

Ya juyo da kansa ya amsa, ya koma ga tagar. Ƙugiya ɗaya tana hannunsa na dama. Ɗayar tana hannunsa na hagu. Babu ko ɗaya a jikin ƙarfe.

Ya tsaya yana kallonsu, ya daɗe, kamar wani ne ya ba shi ajiya. Sannan ya yi sauri ya maƙala ɗaya, ya waiga ko an gan shi.

Tabarau ba ta san lokacin da ƙafafunta suka kai ta falo ba. Ta tsaya gaban teburin guga, ta tura gilashi sama, ya zame, ta sake turawa.

"Umma, Yaya ya zaɓi Na Biyar."

"To sai me? In yi masa tafi?"

"Na Biyar mai kibiya ne. Mai nuna hanya. Wanda ya liƙa wa salatif." Kalmomin suna fitowa a hargitse. "Umma, ya ɓata a Birnin Ruwa. Ya wuce turke. A kwanar kantin magani sai da ya duba waya kafin ya gane gida. Yanzu a baranda ya kwance ƙugiya biyu a tare, da kika kira shi. Duka biyun, Umma. Na gani."

Umma ba ta san Birnin Ruwa ba, ba ta san turke ba. Amma ƙugiya biyu ta sani, don ita ce abin da take roƙon Allah a kai duk safiyar da motar aiki ta tafi da ɗanta. Dutsen gugar ya tsaya wuri ɗaya har tururi ya daina fita. Ta ɗaga shi, ta zare wayarsa daga bango.

"Shekaranjiya na aike shi kanti," in ji ta, kamar da kanta take magana. "Ya dawo ta bayan layi, bayan an daɗe. Ya ce iska yake sha."

Yaya yana tsaye bakin ƙofar baranda, igiyoyin suna lilo a cinyoyinsa.

"Munafuka," in ji shi.

"Kul," in ji Umma, ba ta ɗaga murya ba. "Cire shi."

"Umma, yarinya ce, gem take..."

"Ni na haife ka. Cire shi ka ba ni."

Ya cire. Yatsunsa sun yi ta laluben maɗaurin ƙirji kafin ya buɗe, kuma ba wanda ya taimaka masa. Umma ta karɓi bel ɗin da hannu biyu, ta kai ɗakinta, suka ji mukulli ya juya. A ranar ba wanda ya ci abincin kirki.

Da safe motar aiki ta yi hon a ƙofar gida. Yaya yana zaune a falo cikin kayan aikinsa, har da takalmi. Ya tashi ya je ƙofar ɗakin Umma, ya murɗa hannun ƙofar sau ɗaya, ya saki. Umma ta fito daga kicin, ta yafa mayafi, ta wuce shi ta fita waje. Ta taga Tabarau ta ga oga ya sauko da gilashin mota yana murmushi, ta ga murmushin ya ɗauke, ta ga sauran ma'aikatan da ke baya sun daina hira. An daɗe ana magana. Sannan motar ta tashi, kujerar gaba babu kowa.

Yaya ya koma ya zauna a kan kafet, a gaban talabijin ɗin da babu inji a ƙarƙashinta. Bai kalle ta ba tun jiya. Tabarau ta tsaya jikin bango, tana jiran zagi, ta ma fi son a zage ta.

"In likita ya tambaya tun yaushe," in ji shi, idonsa a kan baƙin allon, "me za ki ce masa?"

"Gaskiya, Yaya."

"To fara faɗa min ni." Ya juyo, sai ta ga babu fushi a fuskarsa, kuma hakan ya fi ba ta tsoro. "Tun yaushe?"

Ta buɗe baki za ta ce tun jiya a shago. Sai ta tuna ranar da ta same shi tsaye a baranda da kofi a hannu, yana kallon ƙofofin ɗakuna ɗaya bayan ɗaya. Ta tuna ranar da aka sallamo shi, da ya tsaya a bakin gida ya ce Umma ta fara shiga. Ta zauna kusa da shi a kan kafet ɗin, tana komawa baya a ranta, kuma duk inda ta tsaya sai ta hango wata ranar a bayanta.